Yadda Matashi Zai Koyi Sana'a a Wurin Aiki Ya Fita da Takardar Shaida a Legas

Tun daga ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 2022, lokacin da gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida da suka haɗa da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa, sannan bayan wata uku ta ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe, samarin da suke zuwa shagona a Agege suna tambayar hanyar koyon sana'a sun ƙaru ƙwarai. Ni aikin wayarin, wato haɗa wayar lantarki a gini, nake yi, na koya a hannun maigida, na zauna jarrabawar gwajin sana'a, kuma na raka yara da dama, nawa da na maƙwabta, tun daga cike fom har zuwa karɓar takarda. Abin da na gani shi ne, yaranmu ba sa gudun wahalar koyo, amma da yawa suna gama shekara uku ko huɗu a gaban maigida su fita hannu ya iya aiki, aljihu babu ko falle ɗaya da zai shaida haka. A Legas kuwa, wanda yake tsaye a ƙofar kamfani ko filin gini ba ya ganin gwanintar hannunka, takarda yake fara tambaya. Don haka tun ranar farko ake shirin takarda, ba ranar da aka yaye ka ba.

Zan riƙa cewa "kai" saboda sauƙin magana, amma bayanin ya shafi 'yan'uwa mata daidai da maza.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko shi ne lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, domin da wuya ka sami shirin gwamnati da zai karɓe ka ba tare da ita ba. Na biyu shi ne rajistar mazauna jihar Legas da hukumar LASRRA take yi. Mutanenmu da yawa suna zaton ta Yarabawa ce kawai, alhali ta duk wanda yake zaune a jihar ce, ko daga Sakkwato ya zo ko daga Yobe, kuma shirye-shiryen gwamnatin jiha da lambarta suke tantance mutum. Za a nemi shaidar inda kake zaune, saboda haka ka riƙe takardar kuɗin wuta ta gidan da kake ko rasidin haya.

Bayan waɗannan sai takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Idan ba ka da ita, sai ka yi takardar rantsuwar shekaru a kotu. Sai hotunan fasfo masu yawa, da asusun banki mai sunanka da lambar BVN, da layin waya wanda aka yi wa rajista da sunanka, da adireshin imel wanda ka san lambar sirrinsa. Sai duk wata takardar makaranta da kake da ita, ko ta firamare ce, ko ta ƙaramar sakandare. Kada ka raina ta. Wanda kuma bai yi boko ba sam, kada ya karaya, akwai hanyarsa a mataki na uku.

Za ka buƙaci mai tsaya maka, mutumin kirki mai sananniyar sana'a da adireshi, wanda zai sa hannu cewa ya san ka. Za ka buƙaci littafin rubutu mai kauri da biro. Sai kayan kare jiki gwargwadon sana'ar: takalmin aiki mai rufaffen baki, safar hannu, hular kwano ga mai aikin gini, gilashin walda na gaskiya ga mai walda. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, kuɗin mota da na abinci na aƙalla wata biyu.

Mataki na 1: Daidaita sunanka da ranar haihuwarka

Shimfiɗa duk takardunka a tabarma ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Idan a NIN an rubuta Muhammad, a banki Mohammed, a takardar firamare Muhammadu, to a wurin kwamfuta mutum uku ne. Haka Abubakar da Garba da Buba, ko Usman da Shehu, waɗanda a gida mun san suna ɗaya ne amma ma'aikacin da yake tantancewa bai sani ba. Na taɓa raka wani yaro da aka zaɓa cikin jerin waɗanda za a horar, sai alawus ɗinsa ya maƙale wata da watanni don kawai sunan garinsu da ya sa a matsayin suna na uku a banki bai fito a katin ɗan ƙasa ba. Ka zaɓi rubutu ɗaya, wanda yake kan NIN ya fi sauƙi, ka gyara sauran su bi shi. Gyara yana cin lokaci, wani yana cin kuɗi, shi ya sa ake yin sa kafin a buɗe fom.

Mataki na 2: Zaɓi sana'ar da Legas take nema

Kada ka zaɓi sana'a don abokinka ita ya zaɓa. Zagaya ka gani da idonka. Gine-ginen da ake yi daga Lekki har Ibeju da Epe suna neman masu wayarin da masu aikin famfo da masu sa tayil da masu walda da magina. Tsadar man fetur da rashin tsayuwar wuta sun buɗe kasuwar haɗa sola. Zafin gari ya sa mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ba ya zama banza. Kasuwar waya ta Ikeja tana horar da masu gyaran waya, Ladipo a Mushin cibiyar kayan mota ce, Alaba kuma ta kayan lantarki. Ɗinki da girki da gyaran gashi da sarrafa kwamfuta duk suna da cibiyoyin koyo.

Ka yi wa kanka tambaya uku. Jikina zai iya? Mai tsoron hawa sama kada ya nufi aikin rufi ko sola. Akwai wurin koyo da zan iya zuwa kullum daga inda nake kwana? Sannan, idan wata rana na koma gida Arewa, sana'ar nan za ta ciyar da ni a can? Ni ina fifita sana'ar da take tafiya da mutum duk inda ya je a kan wadda sai a kasuwa ɗaya tak take ci.

Mataki na 3: Zaɓi ƙofar da za ka shiga

Ƙofofin biyu ne, kuma ana iya haɗa su.

Ƙofa ta farko ita ce shirye-shiryen hukuma. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, yana da cibiyar koyar da sana'o'in masana'antu a Ikeja, kuma yana da shiri na haɗin gwiwa da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA inda ake horar da matasa a cibiyoyin kamfanoni. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, tana da ofishi a kowace jiha, kuma tun shekarun 1980 take da tsarin tura matasa wurin ƙwararrun masu sana'a su koya a bakin aiki. A ɓangaren jiha akwai asusun samar da aikin yi na Legas, LSETF, wanda aka kafa a 2016, yana haɗa kai da cibiyoyin horo sannan ya yi ƙoƙarin tura waɗanda suka gama zuwa wuraren aiki. Hukumar ilimin fasaha ta jiha, LASTVEB, ita take kula da kwalejojin fasaha na Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba. Ma'aikatar mata da yaƙi da talauci ta jiha tana da cibiyoyin koyon sana'a a unguwanni da dama, waɗanda suka dace da 'yan'uwa mata masu son wurin da yake kusa da gida. Mai sha'awar aikin kwamfuta kuma ya sa ido a kan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Yawancin waɗannan shirye-shirye suna neman mai shekara 18 zuwa 35, kuma ba kullum fom yake buɗe ba, zango-zango ake ɗauka.

Ƙofa ta biyu ita ce hanyar da iyayenmu suka sani, a kai yaro wurin maigida, wanda a nan ake ce wa oga. Amfaninta shi ne ba ta jiran a buɗe fom, ba ta tambayar takardar sakandare, kuma aikin gaske ake yi kullum. Aibinta shi ne takardar da oga zai ba ka ranar yaye, wadda a Legas ake kira firidom, tana da daraja a cikin ƙungiyar masu sana'ar amma babban kamfani ba lallai ya karɓe ta ita kaɗai ba. Saboda haka wanda ya bi wannan ƙofa dole ya ɗora jarrabawar hukuma a kai.

Shawarata, idan an tambaye ni, ita ce ka fara da oga yau, ka cike fom na hukuma duk lokacin da aka buɗe. Horon hukuma yakan zama na 'yan watanni, yana ba ka ƙa'ida da lissafi da takarda, amma 'yan watanni ba sa mayar da mutum gwani. Zaman jiran fom kuwa ya cinye wa samari da yawa shekara guda a majalisar mai shayi.

Mataki na 4: Cike fom da gwajin shiga

Nemi sanarwa a shafin hukumar na intanet ko ka taka zuwa ofishinta ka tambaya da bakinka. Kada ka dogara da saƙon da ake turowa a WhatsApp. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai sama maka gurbi, ko ya nemi lambar sirrin katin bankinka, ko lambar da banki ya turo maka ta waya, ɗan damfara ne ko da ya ambaci sunan wani babba. Idan a shagon kwamfuta za a cike maka, ka zauna kusa, ka tabbatar lambar wayarka da imel ɗinka aka sa, domin wasu masu shago suna sa nasu don sauri, sai a kira ka gwaji saƙon ya tafi wurin wani. Ka karɓi takardar shaidar cikewa ka adana.

Gwajin shiga yawanci ɗan lissafi ne da karatun Turanci da hira. Ka koyi awo da tef, inci da santimita, da tarawa da rabawa. A wurin hira, idan Turancinka bai nuna ba, yi buroka da ƙarfin zuciya, ka faɗi abin da ya sa ka zaɓi sana'ar da kuma aikin da ka taɓa yi da hannunka. Wanda ya riga ya yi wata uku a shagon oga yana da abin faɗa, wanda ya taso daga gida ba shi da shi.

Mataki na 5: Rubuta yarjejeniya da maigida

Kafin ka amince da oga, ka je shagonsa sau biyu ko uku ka zauna. Aiki yana shigowa? Yaran da suka daɗe suna taɓa aiki ko aike kawai ake yi da su? Akwai waɗanda ya yaye suka buɗe nasu? Yana cikin ƙungiyar masu sana'arsa? Shagon da babu aiki ba shi da abin koyarwa, komai kirkin mai shi.

Idan ka gamsu, ka zo da mai tsaya maka a rubuta yarjejeniya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta san koyon sana'a, ta tanadi a rubuta yarjejeniyarsa, kuma ba ta yarda wa'adinsa ya wuce shekara biyar ba. A rubuta ranar farawa da ranar gamawa, da kuɗin koyo da yadda za a biya shi, da lokacin zuwa da tashi, da abin da za a kawo ranar yaye, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan aka ji rauni a bakin aiki. A rubuta kuma cewa oga zai ba ka dama ka je jarrabawa kuma zai ba ka wasiƙar shaida. Maganar salla da Juma'a a yi ta a wannan zama, cikin ladabi, a gaban shaidu. Ogogin da na yi hulɗa da su, Musulminsu da Kiristansu, ba su cika ƙin wannan ba idan an faɗa tun farko. Abin da yake ɓata musu rai shi ne yaro ya ɓace ana tsakiyar aiki ba sallama. Kowa ya riƙe kwafi ɗaya. Na san yaron da ya yi shekara biyar a wani gareji ba rubutu, da ya nemi yaye aka yanka masa kuɗin da ba zai iya ba, ya fita ba ko wasiƙa.

Mataki na 6: Riƙe littafin aiki tun ranar farko

A nan ne nake so ka fi mayar da hankali, domin shi ne abin da kusan kowa yake watsarwa. Kowace rana, kafin ka kwanta, ka rubuta kwanan wata, da inda aka yi aiki, da abin da aka yi, da kayan da aka yi amfani da su, da abin da kai ka yi da hannunka. Misali a sana'ata: yau a Ogba mun ja waya a ɗaki biyu, waya mai kauri 2.5 ga soket, mai kauri 1.5 ga fitila, ni na haɗa soket huɗu, oga ya gyara mini ɗaya saboda ban ɗaure wayar ƙasa da kyau ba. Kuskuren ma a rubuta shi, domin shi mai jarrabawa yake son ya ji ka gane. Idan ba ka iya rubutun boko ba, rubuta da ajami, ko ka yi rikodin murya a waya, daga baya wani ya juya maka. A ƙarshen kowane mako ka roƙi oga ya sa hannu.

Ka riƙa ɗaukar hoton aikin kafin a fara da bayan an gama, da ɗan gajeren bidiyo kana yi, amma da izinin oga da na mai gida. Ka tura hotunan zuwa imel ɗinka, saboda waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sace ta a danfo, wato motar haya ta Legas.

Dalilin wannan wahala shi ne tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa, NSQ, wanda hukumar ilimin fasaha ta ƙasa NBTE take kula da shi, ba a kan haddar littafi aka gina shi ba. Mai tantancewa yana zuwa ya kalle ka kana aiki, ya yi maka tambayoyi, ya duba hujjojin da ka tara, sannan wani ya sake duba aikin mai tantancewar kafin a ba da takarda. A cikin tsarin akwai hanyar amincewa da ilimin da mutum ya riga ya samu a wajen makaranta, wadda aka tanada musamman don irin wanda ya koya a gareji ko a filin gini. Littafinka da hotunanka su ne hujjarka. Ko da ba wannan jarrabawa za ka yi ba, ranar neman aiki littafin nan zai yi magana a madadinka.

Mataki na 7: Tsallake watannin farko

Yawancin masu bari a wata ukun farko suke bari, kuma kuɗin mota ne yake kayar da su. Ka lissafa shi kafin ka fara. Wanda yake Agege yana iya amfani da jirgin ƙasa na jan layi da ya ratsa Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba zuwa Oyingbo, ko motocin BRT, duka da katin biyan kuɗin hawa na Cowry. Idan wurin ya yi nisa ƙwarai, ka nemi wurin kwana kusa wurin 'yan'uwa, a Idi-Araba ko Obalende ko Mile 12, gwargwadon inda aikin yake. Ka riƙe wata 'yar sana'a ta yamma ko ta ranar Lahadi wadda za ta ba ka na abinci.

Abu na biyu shi ne tafiya gida. Damina ta faɗi, ko Salla ta zo, yaro ya ce zai je sati biyu sai ya yi wata uku. Shirye-shiryen hukuma suna ɗaukar sunan masu zuwa kullum, wanda ya yi fashi da yawa ana cire shi, oga kuma yakan ɗauki wani. Ka zauna da iyaye ka yi musu bayani tun kafin ka fara cewa noman bana sai dai ka aika da abin da ya sawwaƙa. Ka koyi sunayen kayan aiki da Turanci, ka tsinci Yarabanci na gaisuwa da na ciniki, domin da su za ka yi magana da masu ba da aiki.

Mataki na 8: Zauna jarrabawa

Jarrabawar da masu sana'ar hannu suka fi sani ita ce gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake kira Trade Test. Hawa uku ne: ana farawa da daraja ta uku, sai ta biyu, sai ta ɗaya wadda ita ce mafi girma, kuma ana so mutum ya ƙara gogewa a bakin aiki tsakanin hawa da hawa. Ka je ofishin ma'aikatar da ke Legas da kanka, da wasiƙar oga ko ta cibiyar da ta horar da kai, da hotuna da katin shaida, ka biya kuɗi ta hanyar da hukuma ta tsara ka karɓi rasidi. Akwai tambayoyi, akwai aikin hannu, kuma ana kula da yadda kake kiyaye lafiyarka da ta mutane, kamar kashe wuta da gwada waya kafin ka taɓa ta.

Wanda ya iya karatu da rubutu ya duba hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, NABTEB, wadda aka kafa a 1992 da hedikwata a Benin. Tana ba da takardar fasaha ta ƙasa, NTC, tana da zaman jarrabawa na ƙarshen shekara ga waɗanda ba sa makaranta, kuma da sakamako mai kyau ana neman shiga kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Yaba. Idan cibiyar da kake koyo tana cikin tsarin NSQ, ka tambayi shugabanta tun makon farko wace hukuma ce za ta ba da takardar kuma a wane mataki. Takardar halarta da wasu cibiyoyi suke rabawa ranar biki shaida ce cewa ka zo aji, ba ta zama daidai da takardar ƙwarewa ba.

Za a zo maka da tayin takarda ba tare da jarrabawa ba, a ce ka kawo kuɗi da hoto kawai. Kada ka karɓa. Laifi ne a doka, kuma kamfanonin da suke biya da kyau suna gwada mutum a gabansu, su miƙa maka kayan aiki su tsaya suna kallo.

Mataki na 9: Bayan takarda ta fito

Duba sunanka da sana'ar da darajar da aka rubuta kafin ka bar ofishin, idan akwai kuskure a gyara nan take. Yi kwafi da yawa, ka ɗauki hotonta ka tura imel, ka ajiye ta asali a leda a wurin da ruwan sama ba ya kaiwa, kwafi kawai za ka riƙa yawo da shi. Ka sa a buga maka takardar bayanin kai shafi ɗaya, mai ɗauke da sana'arka da inda ka koya da ayyuka biyar ko shida daga littafinka da lambar oga. Ka yi rajista da ƙungiyar masu sana'arka ta unguwa, domin ta nan ƙananan kwangiloli suke fitowa. Idan kanka kake son tsayawa, LSETF yana da rance ga masu ƙananan sana'o'i mazauna jihar, amma ina ba da shawara ka ƙara shekara guda kana aiki a ƙarƙashin wani ana biyanka, kana sayen kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, kafin ka ɗauki bashi. A cikin wannan shekarar ka buɗe sabon littafin aiki, ka koma ofishin ma'aikatar ka tambayi lokacin da za ka cancanci zama gwajin daraja ta biyu.